Saniyar Hamidu

Jirgin ƙasa ya tsaya a tashar Jabba da rana tsaka, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Cikin taragon ba a cewa komai: zufa, kukan yara, da warin mutanen da suka manta rabonsu da wanka. Jaye na maƙure jikin taga, matarsa Mairama na gefensa da jaririya a cinya. Tun daga Ƙauran Namoda yake ta murza wata tsohuwar igiya cikin aljihu.

Sai ya ji kukan saniya.

A layin da ke kusa wani jirgi ne tsaye, na shanu, an cusa su kamar goro a huhu. Wanda aka haifa a ruga ba ya ɗaga kai don saniya ta yi kuka. Amma wannan kukan yana da ɗan kakari a ƙarshensa, kuma saniya ɗaya tak ya sani mai irinsa.

"Kin ji?" ya ce.

Mairama ta sunkuyar da kai. "Na ji. Ita ce."

* * *

Sunanta Wule, ja ce mai farin goshi, kuma ba tasa ba ce. Abokinsa Hamidu na Sae Sabuwa ne ya ba shi ita habbanaye, wato aron da Fulani ke yi wa juna: ka riƙe saniya ta haifa maka maruƙa uku, naka ne, sannan ka mai da uwar da igiyarta. Ba a sai da ita, ba a yanka ta, ko sanda ba a ɗaga mata. Wanda ya ci habbanaye kuwa ya gama zama cikin mutane.

Da fari ya zo, shanun Jaye suka riƙa faɗuwa a bakin rijiya har ungulu suka ƙoshi suka bar saura. Ya yaye bunun bukkarsa ya ba Wule, don tana da cikin ɗan maraƙi na ƙarshe. Abincin agaji kuwa ya iso Gidan Rumji, kowa ya ga motocin da idonsa. Jar dawa da dusa suka shiga ta ƙofar buro, wato ofishin gwamnati, suka fita ta baya, suka kwana a shagon Alhaji Maikuɗi. Mutane na tona gidan tururuwa neman tsaba, shi yana tsaye da carbi yana sayen bijimi guda da tiya biyu ta dawar da aka aiko kyauta. Ko kunya bai ji ba, har da cewa taimako yake yi.

Alhaji ya taya Wule, Jaye ya ce ba ta sayarwa ba ce. Da zama ya gagara, ya yanke shawarar tafiya Ikko gadi, sai ya kora bijimansa biyu da suka rage ya kai wa Alhaji kyauta, a kan ya ciyar da Wule har ruwa ya sauka. Alhaji ya kama hannunsa a gaban mutane ya ce, "Amana ta Allah ce, Jaye." Shi ke nan, Jaye ya kwance igiyar ya sa aljihu. A wurinsu in mutum ya kama hannunka kan saniya magana ta ƙare, sai ya ɗauka ko'ina haka ne.

Daga Maradi suka hau wata bas mai tari kamar tsohuwa, an loda su har kan juna. Hagu da dama gawar shanu ce, a kowane shinge jandarma ya sauke su ya shanya a rana kamar su suka hana ruwan sama. Bayan Jibiya suka yi zaman jiran jirgi a Ƙaura har guzurinsu ya kusa ƙarewa. Duk bai dame shi ba. In ya taɓa igiyar sai ya ji ya bar mutuncinsa a ajiye.

* * *

Nan tashar Jabba, Jaye ya tsallake ƙafafun mutane ya diro ƙasa.

"Wule!"

Ta amsa. Ta turo hancinta tsakanin katako, ga farin goshin, ga tsagar gidan su Hamidu a kunnen hagu. Ta yi ƙiba, har gashinta na sheƙi. Ashe kiwon yanka aka yi mata da dusar agaji.

A inuwar taragon Baƙo ne zaune, dillalin Alhaji, yana shan rake.

"Baƙo! Wagga saniya mi take yi nan?"

"Duk na Alhaji na. Ikko za su, mahauta na jira."

"Ajiya na ba shi! Habbanaye ta, kuma ciki gare ta!"

Baƙo ya tofar da tuƙa. "Kai Bafillace, saniya ai nama ta. Alhaji ya ce in ka komo a ce maka ta mutu. Kowa tashi ta mutu bana, kai wane ne?"

Jaye ya ci kwalarsa ya ɗaga shi tsaye. Da sandarsa na hannu da an yi ɓarna. Sai jirginsu ya yi kuwwa, ƙafafun jirgin suka fara motsi, Mairama ta leƙo ta taga da jaririya a kafaɗa tana kiransa da murya mai tsoro. Ba ta san kowa ba a ƙasar nan, ko sunan inda za su ba ta iya faɗa daidai ba.

Ya saki Baƙo. Ya zura hannu tsakanin katakon, Wule ta lashe tafinsa da harshenta mai kaushi, yadda take yi kullum da safe. Sannan ya juya ya ruga, wasu hannuwa suka ja shi ciki.

Suna hawa gada Wule na ta kiransa, har ƙarar ƙarfe ta danne muryar. Ƙarƙashinsu ga kogin Kwara ya cika ya batse, ruwan da zai shayar da duk shanun da suka mutu masa. Bai kalle shi ba.

Can Mairama ta kwance ƙullin garin gero, ta miƙo masa buta.

"Wanke hannu ka ci."

Jaye ya dubi tafinsa, yawun bai gama bushewa ba. Ya dunƙule shi, ya mai da aljihu inda igiyar take.