Wayar da Aka Cire Daga Keken Tela

"A hankali dai, 'yan samari, ba buhun siminti ba ne," in ji Tela, yana bin bayan wasu ɗalibai biyu da suka ɗaga kekensa na ɗinki daga baro suka ɗora a kan tebur.

Jami'ar da ke bayan unguwarsu ce ta fito yau. Shekara da shekaru ba abin da ya haɗa su da ita sai katanga: suna ganin motoci na shiga da fita, shi kuma yana ɗinka wa 'ya'yanta riguna, iyakarta ke nan. Sai bara aka fara ware Asabar ɗaya a kowane zango, malamai da ɗalibai su kafa rumfuna a filin firamare su yi wa maƙwabta aiki kyauta. Ga rumfar masu gyaran inji, ga ta masu auna ruwan rijiya, ga ta lauyoyi, can gefe kuma ta likitocin ido. Wannan ta ƙarshen, Tela ya zagaya ta bayanta da baronsa don kada wani ya ce ya ga ya kalle ta.

Da ma ba da son ransa ya zo ba. Matarsa ce ta hana shi sakat, wai keken ya yi nauyi a ƙafa, kullum sai ya dawo gida yana mitar gwiwa.

Shugabar rumfar malama ce da ɗalibanta ke kira Injiniya, hannayenta duk baƙin mai. Ta juya keken sau ɗaya, ta kasa kunne, ta yi murmushi.

"Baba, wannan keken ya girme ni."

"Ya girme ki, 'yata, kuma bai taɓa yi mini rashin kunya ba."

"To je ka sha inuwa. Nan da awa guda ka dawo."

Ya samu benci a gindin bishiya ya zauna, abin kuwa ya yi masa daɗi. Mai niƙa ta wuce tana washe baki an tayar mata da injinta. Wani dattijo ya rungume rediyonsa yana ta murɗawa, kowace tasha sai ya tsaya ya gaishe ta da kai. Tela ya ce a ransa, ashe dai masu karatun nan suna da hannu.

Da ya koma, keken na ƙyalli. Ya taka shi sau biyu, ya ji ƙafarsa na tafiya kamar a ruwa, har sai da ya yi dariya. Aka miƙo masa ƙyalle ya gwada. Ya shimfiɗa shi, ya kai ɗan yatsansa na hagu inda ya saba kaiwa, sai ya ji wayam. Ya sake lalubawa, ba komai.

Shekara biyu ke nan idonsa na dama ya yi hazo, na hagun ma ya fara bin sahu. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Abin da ya yi shi ne ya lanƙwasa wata 'yar waya ya ɗaure kusa da allura, ya kuma liƙa salatif ninki-ninki a kan farantin keken. Yatsansa na bin waya, bakin yadi na bin salatif, ɗinki ya fita a miƙe, unguwa na ta yabon hannun Tela.

"Mun wanke shi tas, Baba," in ji ɗaya daga cikin ɗaliban, yana jin kansa. "Har wata tsohuwar waya da datti da suka manne a nan, duk mun cire."

Mutane sun taru suna kallo, cikinsu har da wata mata da yadinta ke shagonsa yanzu haka. Ba yadda zai yi, ya taka. Ɗinkin ya fita a karkace kamar hanyar awaki.

"Kun ɓata mini keke," ya ce.

Ɗalibin ya sunkuya yana duba allura, ya rasa laifinta. Injiniya ba keken take kallo ba, yatsan Tela take kallo, yadda yake ta laluben farantin. Ta tura ɗaliban su taya masu janareto, ta ce wa jama'a a ba su wuri akwai sauran aiki. Sannan ta tona kwalin shara, ta fito da 'yar wayar nan, ta ajiye a tafin hannunsa.

"Baba, mu ne muka yi kuskure. Mun cire abu ba mu tambayi mai shi ba." Ta rage murya. "Tun yaushe?"

Ya so ya musa, amma ya gaji da ɓoyo.

"Shekara biyu. 'Yata, ki rufa mini asiri. Wa zai kawo yadinsa wurin telan da ba ya gani? Da keken nan nake ci da gidana."

Ta jawo akwatin kayan aikinta. Ta auna wayar, ta yanko ɗan ƙarfe, ta goge bakinsa, ta ɗaure shi da ƙusa mai murɗawa daidai inda yatsansa ke nema. Ya sake takawa, ɗinki ya miƙe sak. Daɗi ya kama shi, sai albarka yake ta sa mata.

"Wannan ya fi wayarka ƙarko," in ji ta. "Amma bana yatsa ya isa, baɗi fa? Ni ba likita ba ce, Baba, sai dai abokan aikina na can. Idan yanar ido ce, a asibitinmu ake cirewa, kuma duk wanda aka rubuta yau ba a karɓar masa komai."

Ya dubi wajen rumfar likitocin ido. Layin a fili yake, duk wanda ya shigo filin sai ya ga na ciki. Ya daɗe tsaye yana juya 'yar wayarsa. Daga bisani ya ce ta riƙe masa keken, ya taka a hankali, kansa a ƙasa.

Mutumin da ke ƙarshen layin ya waiwayo. Mai askin unguwa ne, wanda duk mako Tela ke miƙa masa wuya ya bi da aska.

"Kai ma?" in ji Tela.

"Tun bara," in ji mai aski, ko a jikinsa. "Da hannu nake ji."

Tela ya shafa maƙogwaronsa, ya dubi mutumin, sai dariya ta ƙwace masa, mai aski ma ya kama, har na gaba suka juyo. Suna cikin haka layi ya kawo su gaban teburin da wata ɗaliba ke rubuta masu zuwa. Hayaniya ta yi yawa, sai ta ɗaga murya.

"Baba, sana'a?"

Matar nan mai yadi a shagonsa na tsaye a gefe, tana jin komai. Tela ya gyara tsayuwa.

"Tela," ya ce, bai rage murya ba. "Rubuta da kyau, 'yata. Shekara talatin da huɗu, kuma ban gama ba."