Kwamfuta ta Arba'in da Ɗaya

Kwamfuta arba'in aka sauke mana a makaranta ranar wata Litinin, kowacce cikinta fayau, babu ko manhajar da za ta tashe ta. Shugaba ya tsaya a ƙofar ɗakin kwamfuta yana kallon kwalaye, ya ce, "Injiniya, kwana nawa?" Na ce yini ɗaya. Ya yi mini irin kallon da ake wa mai cika baki, kuma gaskiya bakin na cika shi. Wanda ya riƙe aikin kafin ni da filash, 'yar ma'ajiyar bayanai ta aljihu, yake bin su ɗaya bayan ɗaya, yana danna "na yarda" har wuyansa ya ƙage. Ni kuwa ni ce mace ta farko da aka damƙa wa ɗakin nan, ina so kowa ya san ba alfarma aka yi mini ba.

Dabarar ba wani tsafi ba ce. Kwamfuta ɗaya ake warewa ta zama uwa, ita muke ce wa saba. Na zuba mata manhajar, na buɗe baƙin allon nan da babu hoto sai rubutu, na rubuta mata umarni: duk kwamfutar da ta farka ta yi miki sallama ta waya, ki ba ta adireshi, ki miƙa mata manhaja. Sai fayil ɗaya na amsoshi, mai amsa duk tambayoyin da za a yi wa mutum: wane harshe, wane suna, sannan babbar tambaya, a goge faifan ajiya? A nan na rubuta e, kada ma a sake tambaya. A ƙa'ida akan jera wa saba lambar kowace kwamfuta, don ta san 'ya'yanta ta ƙyale na wasu. Lambobin kuwa dogaye ne, a bayan na'ura suke, sai an durƙusa da tocila. Sau arba'in! Na ce gwiwata ba ta yi mini laifin komai ba, ai ɗakin nawa ne ni kaɗai, na tsallake jera lambobin.

Ranar Laraba da hantsi na bi layi ina kunna su. Allo arba'in suka kama zubo rubutu a tare, na harɗe hannu ina jin kaina a sama. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, janareta ya tashi bayan minti biyu. Ban damu ba, saba tana kan batir, sauran suka farka suka ɗauko aikin daga farko. Na koma kujera ina kallon jerin waɗanda suka yi sallama. Arba'in da ɗaya. Na sake ƙirgawa da yatsa a kan allo, ina cewa idona ne.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba Akawu ne, mai ofishin da ke jikin bangonmu. Shekara talatin yana riƙe da rajistar ɗalibai, da yatsa biyu yake buga rubutu, kuma tun ranar da na fara aiki bai taɓa kirana da wani suna ba sai 'yata.

"'Yata, ko za ki leƙo? Tawa ma ta kama rubutu ita kaɗai, ni ban taɓa ta ba."

Nan take na tuna. Bara ni da hannuna na ja waya ta saman taga zuwa ofishinsa, don ya riƙa amfani da firintarmu, na kuma manta da ita sarai. Tsohuwar kwamfutarsa ɗan batirin cikinta ya daɗe da mutuwa, duk sanda aka ɗauke wuta sai ta manta kanta, ta fara da neman abin da ke kan waya. Yau ta nema, ta samu.

Ban san sanda na ture shi na wuce ba. Allon yana nuna aikin ya kai kashi talatin da ɗaya cikin ɗari. Na fizge wayar wuta daga bango har soket ɗin ya biyo ni.

"Lafiya?" in ji shi.

"Baba, ba lafiya ba. Na goge maka kwamfuta. Ni ce, ba ita ba ce."

Ya zauna a hankali. Ya ce takardun ofis ba abin damuwa ba ne, duk suna cikin rajista, ga shi duk Juma'a ina kwashe masa kwafinsu in adana. Har na fara sauke numfashi, sai ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Sai dai muryar uwar yara."

Matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce. Akwai saƙon murya ɗaya da ta taɓa aiko masa, na minti goma sha ɗaya. 'Yarsa ta juye masa shi a kwamfutar ofis, bayan wata ɗaya aka sace wayarsa ta hannu a tasha. Babu shi a ko'ina kuma. Bai sa shi cikin foldar da nake kwashewa ba, wai yana jin nauyi a ga kayan gida cikin na gwamnati.

Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Wallahi na so ya ɗaga murya, ko na samu abin da zan riƙe. Sai cewa ya yi, "Je ki duba 'ya'yanki arba'in, kada su ma su lalace."

Ba su lalace ba. Kafin azahar duk sun tashi tsaf, kowacce da sunanta. Shugaba ya zo ya gani, ya fara yabo, na katse shi na faɗa masa abin da na aikata. Fuskarsa ta canza, ya fara zancen takardar gargaɗi. Baba Akawu yana tsaye a bayansa.

"Ranka ya daɗe, wayar nan don ni ta ja ta, ni na roƙe ta. In za a rubuta takarda a sa sunana a sama, nata a ƙasa."

Shugaba ya dube shi, ya dube ni, ya ce mu biyun mun ishe shi, ya tafi. Takarda ba ta zo ba har yau.

Da yamma a gida na kasa cin abinci. Mama tana ninke wanki a kan gado, na ba ta labari ina kuka kamar 'yar firamare. Ba ta lallashe ni ba, Mama ba ta iya wannan ba. Ta ce, "Kukan zai dawo masa da ita? Ke da kika iya gogewa, ba ki iya nemowa ba?" Ta miƙo mini zanin gado ta ce in kama mata ɗaya bakin.

Washegari na cire faifan na ɗora a teburina. Abin da na dogara da shi ɗaya ne: gogewa ba ta share komai nan take. Jerin da ke nuna inda kowane abu yake shi take fara yagewa, sannan sabon rubutu ya bi ta kan tsoho. Inda bai kai ba, tsohon yana nan kwance, ba shi da suna kawai. Na fara kwafe faifan dungurungum zuwa wani, don na daina yarda da hannuna. Sannan na koma baƙin allo, na saki wata manhaja mai tsefe faifai tana tsinto abin da ya rage. Wannan karon kowane umarni sai na karanta shi sau uku kafin in danna. Tana aiki, ni kuma na ɗauki tocila na bi kwamfutocin nan arba'in a durƙushe, na rubuta lambar kowacce.

Kwana biyu ta yi tana tsinta. Ta fito da fayil dubu shida da wani abu, babu mai suna, sai lamba. Na tace na sauti, suka zama ɗari biyu da goma sha biyu. Ni ban san muryar matar ba, dole sai da shi.

Haka muka riƙa zama kullum bayan an tashi ɗalibai, shi da filas ɗinsa na shayi da kofi biyu, ni da 'yar lasifika. Yawancinsu tarkace ne: ƙarar da kwamfuta ke yi in ta tashi, rabin karatu, taken makaranta. Muka ci karo da jawabin Shugaba na ranar yaye ɗalibai har kashi huɗu. Baba Akawu ya ce, "Ikon Allah, wannan ko gobara ba ta cin sa." Na yi dariya har na ƙware, dariyar farko tun ranar Laraba.

Tsakanin fayil da fayil yakan ba ni labarinta. Tela ce, kuma mafaɗaciya, a cewarsa shekara talatin da huɗu bai taɓa cin ta a gardama ba. Ko sau ɗaya bai tambaye ni ko za a samu ba. Ni ce nake ta cewa, "Baba, ka yi haƙuri," har ya ce in na sake faɗa zai daina kawo shayin. Ban taɓa jin nauyin mutum da ƙaunarsa a lokaci guda kamar a kwanakin nan ba. Na lalata masa abin da ya fi komai a wurinsa, shi kuma kullum sai ya tambaye ni ko na ci abinci.

Rana ta uku, fayil na ɗari da saba'in da uku. Na danna ina hamma. Aka ɗan yi shuuu, sai ƙarar keken ɗinki, sai muryar mace, sama-sama, a tsakiyar magana.

"...kuma ka bar maganinka a kan firji, na gani. Kai dai sai an bi ka kamar yaro. In ka taso ka biya ka sayo ƙwan fitila, na kicin ya mutu, kada ka ce mini ka manta. Kana ji na ko?"

"Ina jin ki," in ji Baba Akawu.

Daga nan sautin ya yanke. Na duba tsawonsa, daƙiƙa arba'in da takwas. Na buɗe na gaba da na bayansa, na koma na tsefe wajen da hannu. Babu. Sabuwar manhajar da sabata ta zuba masa ta hau kan sauran.

"Baba, iyakarsa ke nan. Minti goma sun tafi, ba za su dawo ba."

Ya ajiye kofin a ƙasa, ya goge ido da bakin hularsa.

"Sauran duk labarin maƙwabta ne," ya ce. "Faɗan dai shi ne nawa. Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ni ya kamata in yi godiya. Na jawo filash zan juye masa, ina lissafin wurare uku da zan ajiye shi. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya matso da kujerarsa kusa da lasifikar.

"Bari tukuna. Sake kunna mini."