Ranar da Aka Ka da Baba

Duk wanda ya zo neman aure a gidansu Auta sai ya zauna gaban akwatin Baba. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a maɗaba'a yana jera haruffan dalma da hannu, da aka rufe wurin kuma abin da ya ɗauko kawai shi ne akwatin nan, kowane harafi da ɗan ɗakinsa. Wasan da sauƙi a baki. Baba zai kafa haruffa biyu na Turanci, A a gurbi na biyu, E a na huɗu, sai a riƙa cike sauran bi da bi, kowa ya haɗa kalma ya faɗi ma'anarta. Wanda kalmominsa suka ƙare ya faɗi. Ba a taɓa ka da Baba ba, don haka yanayin faɗuwar mutum yake kallo kafin ya ce e ko a'a. Mijin Yaya ko shayinsa bai huce ba ya miƙa wuya, har yau ana yi masa tsiya.

Auta ta rantse ba za a yi wa nata dariya ba. Nata kuwa shi ne Mai Agogo, wani siririn saurayi mai shago a ƙarƙashin benen ofishinsu, wanda ta kai wa agogo gyara sau ɗaya, daga nan agogon ya riƙa lalacewa ba dalili. Kullum ta tashi aiki sai ta zauna a kan dogon bencinsa, ƙamus a cinya, agogunan bango na ta ƙas-ƙas a kansu.

"Cave," in ji ta.

"Kogo."

"Hare."

"Zomo. Ranki ya daɗe, yau ba hutu?"

"Hutu bayan aure, malam. Maze."

"Hanya mai ruɗarwa, a shiga a kasa fita." Ya ɗago da ɗan gilashinsa maƙale a ido. "Irin wadda kika jefa ni."

Ta kai masa duka da ƙamus, zuciyarta kuwa kamar ta tashi sama.

Ranar zuwansa falon ya cika. Umma ta jera kofuna, Yaya ta zo da mijinta musamman don ya ga wani ya sha abin da ya sha. Auta ta maƙale bayan labulen ƙofar kicin, ta bar 'yar kafa daidai ido ɗaya. Mai Agogo ya durƙusa ya gaida Baba, wuyan rigarsa har ya jiƙe da gumi.

"Zauna, samari," in ji Baba. Ya buɗe akwatin, ya tsinci haruffa ba tare da ya duba ba. "Gate. Ƙofar shiga gida."

"Name. Suna, Baba."

"Lake. Tafki."

"Wave. Igiyar ruwa."

Haruffan na ƙara a kan tebur, layi na bin layi. Auta na cizon gefen mayafinta, kowace kalma ya ajiye sai ta ɗan yi tsalle. Shayi ya huce, Umma ta sake ɗumamawa. Mijin Yaya ya daina murmushi.

"Wai wannan agogo yake gyarawa ko ƙamus yake ci?" ya ce.

"Kai dai yi shiru, ka ga yadda maza ke yi," in ji Yaya.

Can sai Auta ta lura da hannun Baba. Ɗazu kamar kaza na tsattsagar hatsi, yanzu sai ya tsaya a saman akwatin yana shawagi. Ya ajiye "mare", goɗiya, bayan dogon nazari. Mai Agogo ya mayar masa da "vase", tulun furanni, kafin a ƙifta ido. Auta fa so take saurayin ya faɗi da mutunci, ba ta taɓa tunanin ta cika masa ciki har ya fi ƙarfin Baba ba. A ka da tsoho a falonsa, gaban matarsa da surukinsa? Wa zai ba irin wannan saurayi 'yarsa?

Ta buɗe labulen kaɗan, ta shiga girgiza kai, tana yanka iska da hannu. Mai Agogo ya gan ta. Ya kalli Baba, wanda da ƙyar ya lalubo "haze", hazo, yana share goshi. Saurayin ya kai hannu cikin akwatin, ya taɓa wani harafi, sannan ya janye a hankali ya ɗora hannun a gwiwa.

"Baba, na ƙare. Na faɗi."

Mijin Yaya ya buga cinya. Auta ta saki numfashi. Amma Baba bai motsa ba. Ya zare tabarau, ya goge, ya mayar.

"Samari, ɗakin G ka taɓa. Na yi shekaru ina kallon hannun masu koyo, na san hannun da ya rasa, na san wanda ya samu ya ɓoye. Tausayina kake ji?"

"A'a, Baba, wallahi..."

"Kada ka rantse. Wanda zai ɓoye mini kalma, gobe zai ɓoye mini ciwon 'yata. Ajiye ta, ko ka ɗauki takalmanka."

Hawaye suka cika wa Auta ido. Mai Agogo ya ɗauko haruffan da siraran yatsunsa, ya jera.

"Gaze," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kallon da mutum ke yi wa abu, ya kasa ɗauke ido."

Bai waiwayi labulen ba, amma kowa ya gane wadda yake nufi.

Baba ya sunkuya a kan akwatin. Leɓɓansa na motsi, yatsansa na bin ɗakunan haruffa daga farko har ƙarshe, ya dawo ya sake bi. Umma ta riƙe butar shayi a iska ta manta da ita. Daga nan ya jingina da kujera, kafaɗunsa suka fara girgiza, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda Auta ba ta ji ba tun ranar da aka rufe maɗaba'a.

"Na faɗi! Kun ji? Na faɗi!" Ya kama hannun saurayin da hannu biyu. "Ina ka shige duk shekarun nan, aka bar ni da ragwaye?"

"Baba, ina zaune fa," in ji mijin Yaya.

"Ai da kai nake. Auta! Fito daga bayan labulen nan, tun ɗazu nake ganin ƙafarki."

Ta fito tana dariya tana kuka, ta rasa inda za ta sa fuskarta, sai ta cusa ta a kafaɗar Umma.

"Ka ce wa iyayenka ina jiran su," in ji Baba, yana kwashe haruffan da sauri. "Amma ba yanzu za ka tafi ba. Matso da kujerarka. Wannan karon masu harafi biyar za mu yi, mu ga ƙarshen taƙama."

"Baba, ko gaisawa fa ba mu yi ba," in ji Auta.

"Kya gaishe shi har ki gaji. Kawo mana shayi mai zafi."