Bas ɗin Usta Shamshad

"Ɗaga min wayar sama, Tahira, in ga idon maƙaryacin nan," in ji Usta Shamshad.

Na ɗaga. Ni ce maƙwabciyarsa ta saman bene, kuma tun da ciwon huhu ya kwantar da shi nake saukowa in kama wa 'yarsa Nighat jinya. A cikin wayar ɗan baffansa Wajahat ne, daga Kanpur can Indiya, yana kurɓar shayi yana murmushin tsokana.

"Yaya, ka ga hoton da na turo? Sababbin bas ne 'yan ƙasarmu suka loda a jirgin ruwa. Har Afirka ake rububinsu."

"Gwangwanin madara," in ji Usta. "Yaro ya jingina da su sai su lotsa."

"To ku naku suna ina?"

"Tamu tana ƙofar masallaci. Ran da za a kai ni, a cikinta za a kai ni, kai kuma kana kallo."

Tari ya sarƙe shi, na kashe wayar.

Mutanen nan biyu ba su taɓa musabaha ba. Iyayensu ne suka rabu lokacin da aka raba ƙasar Indiya biyu, ɗaya ya taho nan Karachi, ɗaya ya zauna can. Duk zumuncinsu wannan gardamar ce, kowace Juma'a bayan masallaci. Wasu kan wasan kurket suke faɗa, su kuwa kan bas. Ni dai ban taɓa ganin tsofaffi masu ɓata kuɗin waya irinsu ba.

Da ƙuruciyarsa Usta, kamar yadda muke kiran gwanin makaniki a nan, ya yi aiki a wata masana'antar gwamnati da ta taɓa ƙera 'yan bas kaɗan tun daga inji har kujera, ba tare da an shigo da komai daga waje ba. Daga baya aka rufe ta, yanzu wurin zauren biki ne. Bas ɗin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, saura guda, wadda kwamitin masallacinmu na unguwar Landhi ya saya ta zama motar gawa, don maƙabartarmu tana can bayan gari inda kafaɗa ba ta iya kai makara. Kujeru a gefe da gefe, wurin makara a tsakiya. Ita ta kai mijina. Ita ta kai matar Usta. Shi yake gyaranta da hannunsa, yana goge ta kamar amarya.

To amma bara wani attajiri ya ba masallaci sabuwa fara ƙal, ƙirar Sin, mai sanyi a ciki. Tsohuwar kuma famfon mai na injinta ya fara gardama, kuma babu inda ake samun irinsa a duk faɗin ƙasar. Wa zai sayar da kayan motar da masana'antarta ta zama wurin cin shinkafar biki?

Wajahat ne ya gano mafita. Ashe tsofaffin injinan can da namu duk zane ɗaya na Turawa aka kwaikwaya, famfonsu zai zauna daram. Ya ce zai ba wani yaronsu da ke Dubai ya aiko.

"Ko ƙusa ɗaya ta Indiya ba za ta shiga cikinta ba," in ji Usta.

"Baba, wa zai leƙa cikin inji ya gani?" Nighat ta tambaye shi.

"Shi zai sani. Ya riƙa faɗa ke nan har a lahira, wai da zuciyar Indiya aka kai ni kabari."

Na kasa haƙuri. "Usta, ka ji tsoron Allah. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka bari a gyara motar nan tun kana da numfashi."

"Ke da keken ɗinkinki na Japan ne, me kika sani?" ya ce, ya juya fuska bango.

Haushi ya kama ni, amma tausayi ya fi yawa. Mutumin nan ba shi da gida nasa, ba shi da ɗa namiji, ba shi da abin da zai nuna ya ce ga abin da na yi a duniya, sai tsohuwar motar nan da kurciyoyi ke kashi a kanta.

Ya cika wata Talata da hantsi, Nighat na riƙe da kofin ruwa. Abin da ya faɗa kafin kalmar shahada shi ne a gaya wa Pervez ya duba batir.

Pervez direban masallaci ne. Ya tara makanikan unguwa, suka kwance famfon, suka wanke da kananzir, suka ɗaure inda ke yoyo da waya da robar tayar keke. Ana idar da sallar gawa bayan azahar ya murza makulli. Ta yi tari, ta yi tari, sai ta kama da wata irin ƙara da ta girgiza tagogin layinmu, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Wallahi sai da na ji hawaye ya zubo mini.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Muna tsaye a barandata, Nighat ta kasa riƙe komai, don haka ni na riƙe wa Wajahat wayar. Ya ga an shigar da makara an lulluɓe ta da furannin wardi. Ya ga maza sun cika kujeru. Bas ta wuce shagon wanzami, ta wuce mai gasa gurasa, tana tafe tana rangaji. A daidai kwanar da za a hau babban titi ta yi shiru.

Maza suka sauko suka tura. Ta ƙi. Suka sake turawa har wani dattijo ya faɗi a gwiwa. Liman ya dubi rana, ya yi magana da Pervez a hankali, Pervez ya share fuska da hularsa ya nufi masallaci. Da na hango farar motar ta fito, sai na kife wayar a ƙirjina.

"Tahira, na daina gani."

"Layin waya ne, Kawu. Ka san layinmu."

"Ta tafi da shi?"

"Ta tafi."

A ƙasa ana fito da makarar, wardi na zubewa a kan kwalta.

"Na ji ƙarar injin da ya tashi," ya ce. "Inji ne na gaske, 'yar nan. Ban taɓa gaya masa ba. Kuma na ji lokacin da ya yi shiru."

Na ɗago wayar daga ƙirjina, ya ci gaba da magana.

"Na riga na ba da famfon tun makon jiya, ban faɗa masa ba. Yana hanya." Ya ja numfashi. "Yanzu wa zan kira ran Juma'a?"

Bas ɗin ta kwana biyu a kwanar tana tare hanya, masu shaguna suka yi ƙorafi, kwamiti ya sayar wa masu yankan ƙarfe. Da igiya aka ja ta, ƙofarta a buɗe tana kaɗawa.

Saƙon ya iso bayan sadakar arba'in, ƙaramin kwali mai nauyi, da tambarin Dubai. Nighat ba ta buɗe shi ba. Ƙofar ɗakin Usta ta saba rufe kanta in iska ta taso daga teku, sai ta tokare ta da shi. Yana nan har yanzu, kusa da takalmansa.