Butar Tagulla da Baba Obadiya

Akwai wata butar tagulla a ƙarƙashin gadona, jikokina kullum sai sun tambaye ni dalilin da ba na alwala da ita. To bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Shekara ta biyu da aurena da Dauda mai bandar kifi, muna zaune a Gashua, gida ɗaya da wani Bayarabe, Mista Fagbenro, akawun kantin da ke sayen gyaɗa. Zana ce kawai ta raba mu. Matarsa ta haihu da damina, mace, ƴar mitsitsiya, ba ta kama nono, kukan ma ba ya fita. A kwana na uku mijin ya aika mai doki Nguru a kira masa Baba Obadiya.

Shi Baba Obadiya mutumin Saliyo ne, akawu a siton reluwe. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru baƙi suka cika Sabon Gari, Yarabawa da Ibo da mutanen Gwalkwas, har da ƴan sanda daga wajen Jos. Masu bin cocin Angilika a cikinsu ba su da rabaran, wato limamin coci, sai wanda yakan zo daga Kano sau biyu a shekara. Sauran Lahadi duka Baba Obadiya ne ke tsaya musu. Ba wanda ke biyansa. Bishop ya ba shi takardar izini da wani shuɗin ƙyalle da yake ratayawa a wuya, shi ke nan. Shi ya rataye guntun ƙarfen dogo a jikin tsamiya yana bugawa don kiran jama'a, shi ke share ɗakin ibadar, shi ke binne musu matattu kafin zafi ya taɓa gawa. Da yake ba ya jin Yarabanci ko Ibo, da Turanci yake karatu, ya fassara da Hausa, domin ita ce kowa ke ji ko da ta kasuwa ce.

Ya iso da hantsi a bayan takarkari, taɓo har gwiwa, don mota ba ta bin hanyar. Ya dubi jaririyar ya ce ba aikinsa ba ne yin baftisma, na rabaran ne, sai fa in ana tsoron rai. Mista Fagbenro ya durƙusa ya riƙe ƙafarsa yana kuka. Aka nemi abin zuba ruwa, kwanukan gidan duk sun ɓaci da jiƙe-jiƙen magani. Baba Obadiya ya leƙo ta kan zana.

"Ƴata, akwai ruwa mai tsabta?"

Na cika butata kenan zan yi alwalar walaha. Na miƙa masa. Ya tsiyaya wa yarinyar sau uku a goshi, ya sa mata suna Rifkatu. Ikon Allah, kafin la'asar ta kama nono. Uwar ta aiko mini da turmin atamfa.

Bayan shekara shida muka koma Nguru saboda kifi ya fi tafiya ta jirgi. Su Fagbenro ma an mayar da su can. Muka samu gida bayan na Baba Obadiya, suka shaƙu da Dauda. Da azumi yakan ce, "Dauda, ka ci mini nawa rabon da asuba, ni ba zan iya ba." Dauda ya ce, "Baba, ai ko ƙarfen nan da kake bugawa ya fi ka jure yunwa."

A shekarar da Rifkatu ta cika goma sha ɗaya, Mista Fagbenro ya yi sallama a ƙofarmu da goro ƙwarya guda.

"Maman Saleh, butar nan tana nan kuwa?"

"Wace buta?"

"Ta Gashua. Rabaran zai zo ran Asabar, muna so mu girmama Baba a gabansa. Ki zo ki faɗi abin da ya yi wa ƴata, da bakinki zai fi daɗi. Amma kada ki gaya masa, ba-zata muke so."

Dauda bai so ba. Ya ce me ya haɗa matar Musulmi da zaman coci. Na ce ai a ƙarƙashin tsamiya za a yi, kuma mutumin nan bai taɓa samun ko na gode ba. Na kwana biyu ina goge butar da toka da lemon tsami har ina ganin fuskata a jiki.

Ran Asabar da safe na tarar an jera bencina a inuwa, mutum kusan hamsin. Rabaran, wani Bature siriri mai jin Hausa, yana kan kujera. Baba Obadiya na gefensa da shuɗin ƙyallensa. Da ya gan ni sai ya ɗaga gira. Ni kuwa na yi masa murmushi, sakarya.

Aka kira ni. Na kwance butar daga ɗankwali na ɗaga ta sama, na ba da labari tun daga takarkari har zuwa kama nono. Rabaran ya tambaye ni me nake yi da butar a da.

"Alwala, ranka ya daɗe. Ruwan ma na alwala ne na ba shi, ban taɓa ba tukuna."

Sai na ji wurin ya ɗauki gunaguni. Mista Fagbenro ya miƙe da takarda a hannu. Da Turanci ya fara, sai rabaran ya ce ya yi da Hausa tunda ga mai shaida. Fagbenro ya ce jama'a sun ji da kunnensu, da ruwan sallar Musulmi aka yi wa ƴarsa baftisma, shekara goma sha ɗaya abin na cinsa a rai. Mutumin da zai yi haka, kuma yake musu karatu da Hausa, harshen masallaci, bai dace ya tsaya a gabansu ba. Ya ce kwamiti duka sun sa hannu.

Na ce, "Kai ne fa ka riƙe ƙafarsa." Ko kallona bai yi ba.

Rabaran ya ce ruwa ruwa ne, baftismar yarinya tana nan daram, Obadiya bai yi laifi ba. Amma ya dubi takardar ya ga yawan sunaye, sai ya ce mai son Baba ya ci gaba da jagorancinsu ya miƙe tsaye.

Na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ga telan da Baba ya binne wa ƴaƴa biyu. Ga direban jirgin da ya yi jinya a ɗakin Baba wata guda. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Rifkatu ta yunƙura za ta tashi, uwarta ta ja rigarta ta zaunar da ita. Ni kaɗai ce a tsaye da buta a hannu, ni kuwa ba a lissafa da ni.

Daga baya na gane zancen. Yarabawa na son nasu mai karatu, Ibo na son nasu, ba su taɓa shiryawa a kan komai ba sai a kan cire Baba.

Baba Obadiya ya cire ƙyallen, ya ninke shi gida huɗu, ya ajiye a cinyar rabaran. Ya ce wa telan makullin ɗakin yana ƙarƙashin dutsen bakin ƙofa, kuma kwanon rufin yana yoyo ta gabas, a duba kafin ruwa ya sauka. Ya ɗauki hularsa.

Na bi shi a baya har bakin sito. Can na ce, "Baba, wallahi cewa ya yi girmama ka za a yi."

"Na sani, ƴata. Na ga yadda kika goge ta."

Lahadin da ta biyo, sau biyu aka buga ƙarfen, ƙarfe takwas na Yarabawa, goma na Ibo. Kowa da harshensa yake yi, Baba kuwa ba ɗayan da yake ji. Ya fito da kujerarsa ƙofar gida ya buɗe littafinsa, yana karantawa a hankali, yana fassarawa da Hausa kamar yadda ya saba. Dauda ya ja tabarmarsa kusa yana jera kifi a kwando har Baba ya gama. Haka suka riƙa yi wata bakwai, har takardar ritayarsa ta zo. Mu biyu muka raka shi tasha.

Goron Fagbenro kuwa, Dauda ya mayar masa har gida, ko ɗaya ba mu fasa ba.