Saura Yatsa Huɗu

Shekara ashirin da shida Tofazzal yana auna ruwan kogin Jamuna, sau biyar a yini, a jikin wata gora mai lambobi da aka kafa a bakin gaɓar tsibirinsu. Can sama akwai jan layin da 'yan ofis ke kira "danja lebul" da Turancinsu. In ruwa ya taɓa shi, kowa ya kwance kwanon gidansa ya loda a kwalekwale. In bai taɓa ba, a zauna. Mutanen tsibirin ba ruwansu da rediyo, rufin Tofazzal suke kallo.

Shi kuwa ya gaji. Sau bakwai kogin nan yana tashinsa, har kwanon ya zama kamar rariya don ramin ƙusa.

Da hantsi matarsa Ambiya ta same shi a bakin ruwa.

"Baban Shefali, ƙasa ta tsage a bayan madafi. Hannuna ya shige har gwiwa."

"Saura yatsa huɗu ruwa ya kai jan layi. Sauka ma yake yi."

"To ai lokacin saukar yake cin gaɓa! Ni za ka gaya wa? Gorarka tsayin ruwa take gani, ba ta ganin ɓarnar da yake yi ta ƙarƙashi."

Ya san gaskiyarta. Amma in ya zare ƙusa ɗaya, gida arba'in za su watse su bar ramarsu a gona, ga yanka saura kwana biyu. Kuma, a faɗi gaskiya, ko ganin guduma ba ya son yi.

"Bari jibi."

"Jibi! Kogin ƙanin ubanka ne da zai jira ka?"

Da la'asar, yana duƙe a gaban gorar, ya ji ƙarar ruftawar ƙasa a bayansa. Kafin ya iso, madafi da ɗaki da kwanon duka sun tafi cikin kogi. Ambiya na zaune a ƙasa da igiyar akuya a hannu. Ba ta yi masa gori ba, wannan ya fi masa ciwo.

Lokacin kai rahoto ya yi, dole ya buga waya ofis ya faɗi lamba.

"Ƙasa da danja lebul ke nan," in ji akawun, yana tauna wani abu. "Madalla, kawu, bana kun sha!"

Tofazzal ya ce, "Haka ne." Ya kashe wayar ya zauna kusa da Ambiya.