Faranti Ba Komai

Auta ta ɗaga farantin gilashi ta duba, sai ta saki ihu har mai gadin ɗakin gwaji ya leƙo ta taga. Jiya ta shuka ƙwayoyin cuta a faranti biyu. Wanda ta bari haka ya yi dabbare-dabbare. Wanda ta zuba wa citosan kuwa, garin da ta sarrafa daga ɓawon ƙaguwa har ya fi ƙura laushi, ga shi nan fes.

Ta daka tsalle, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Ta kira mahaifiyarta a waya.

"Mama, ba komai! Wallahi ba komai a farantin!"

"To mene ne abin murna? Wa ya cinye miki?"

"Ba na abinci ba, Mama! Ƙwayoyin cuta ne suka ƙi tsirowa."

"Ikon Allah! Wata da watanni kina shanya mana ɓawo a tsakar gida, ƙarni ya kori maƙwabta, ashe ba komai kike nema?"

Dariya ta ci ƙarfin Auta har ta zauna a ƙasa. Da ƙyar ta iya bayani: irin ƙwayoyin nan ne ke hana gyambo warkewa, wataƙila wata rana a sa garin a bandeji.

Auta ta san gyambon ƙafar Baba Mama take kallo.

"Auta, in kin tashi dawowa, ki taho wa babanki da ba komai ɗin nan."